Farar shadda ta fito ruwan ɗorawa a hoto

Tambaya: Na ɗauki hotunan walimar auren ƙanena da dare a wani zaure. Farar shaddar ango ta fito ruwan ɗorawa, fuskoki kuma kamar an shafa musu manja. Yaya zan gyara?

Amsa: Malam, fitilar zauren ce ta ja maka. Ƙwan lantarki mai haske ja-ja yana wajen 2700 a ma'aunin launin haske da ake kira Kelvin, hasken rana tsaka kuwa wajen 5500. Kai da ka san shaddar fara ce, fara ka gan ta, kyamara kuwa abin da fitila ta ba ta shi ta ɗauka.

Kowane ɗigo a hoto haɗin ja ne da kore da shuɗi, kowanne da lambarsa daga 0 zuwa 255. In ukun suka zo daidai, fari ake samu ko toka-toka ko baƙi. Ja da kore in sun haɗu ɗorawa suke bayarwa. Ke nan shuɗi ne ya gaza a hotonka.

Buɗe shi a Photoshop ko GIMP, ka ɗora abin ɗiban launi a kan shaddar, wajen da haske bai ƙone ta ba. A ce ka ga ja 235, kore 215, shuɗi 170. Shiga Curves, wato sashen ƙara ko rage kowane launi, ka zaɓi shuɗi ka ɗaga shi har ya kusa 215, sannan ka sassauta ja kaɗan. Lambobin za ka bi, domin in ka yi minti goma kana kallon hoto ido sabawa yake yi da kowace kala.

Matsalar ita ce shuɗin da aka ɗauka a irin wannan haske shi ya fi datti, in ka ɗaga shi da yawa sai hoto ya yi tsaki-tsaki. A nan Channel Mixer, sashen cakuɗa launukan ukun, yake amfani: a layin shuɗi, rage shuɗin zuwa kashi 80 cikin ɗari, ka ranto kashi 40 daga kore. Lissafin shuɗin shaddar ya zama 136 (kashi 80 na 170) da 86 (kashi 40 na 215), wato 222, kuma koren da ka ranto ya fi shuɗi tsabta. Sai dai koren gyalen wata baƙuwa zai ɗan karkata zuwa shuɗi, ka sa ido.

Kafin ka gama, tambayi ko an sa wa shaddar bula wajen wanki. In an sa, ba ma'auni ba ce, nemi farin faranti ko takarda a cikin hoton. Ka duba fuskoki kuma: a fatar mutum ja ke gaba, kore na biye, shuɗi a ƙarshe. Da zarar shuɗi ya kamo kore, ango zai yi furu-furu kamar ɗan hunturu. Ni kam nakan bar ɗan ɗorawa kaɗan, tunda da dare aka yi walimar.