Me ya sa ake neman gidan fashewar gama da rediyo?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ake amfani da igiyar rediyo mai ƙarancin mita wajen neman galaksin (wato babban tarin taurari) da fashewar hasken gama ta fito daga cikinsa, alhali ga manyan madubai na hangen nesa. Fashewar gama dai walƙiya ce ta haske mai tsananin ƙarfi da ke zuwa daga sararin samaniya.

Matsalar ƙura ce. Doguwar fashewa, wadda ke wuce daƙiƙa 2, yawanci mutuwar ƙaton tauraro ce, kuma irin waɗannan taurari suna mutuwa kusa da inda aka haife su, cikin ƙura mai toshe hasken da ido ke gani. Igiyar rediyo kuwa ratsa ƙura take yi. Ƙwayoyin lantarki (elektron) da fashewar taurari ke watsawa suna juyawa cikin maganaɗisun galaksin, suna fitar da wannan igiya. Tunda manyan taurarin da ke fashewa ba sa daɗewa bayan haihuwarsu, ƙarfinta yana nuna yawan taurarin da ake haifarwa. Shi ya sa na'urar LOFAR ta ƙasar Holan, mai sauraren igiyar rediyo mai ƙarancin mita, a wajen megahaz 144, take da amfani sosai.

Amma sai an yi haƙuri hasken da fashewar ta bari ya dusashe, kada a ɗauke shi a matsayin na galaksin. Kuma galibin waɗannan galaksi ƙanana ne, masu nisa ƙwarai, sau da yawa ba a jin komai.