Ɗan'uwa, nima tsohon hoto a iframe ya taɓa ja min

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka, cewa ka canza hoto a saba (kwamfutar da ke riƙe da fayilolin shafi) amma shafin da ke cikin iframe (wato shafin da aka saka a cikin wani shafin) har yanzu tsohon yake nunawa, sai da raina ya sosu, don abin nan ya taɓa zubar min da mutunci a nan Jos.

Wani Alhaji ne mai shagon kayan ɗaki wajen Terminus na yi wa shafi, farashin kujeru a jikin hoto yake, hotunan kuma a iframe suke daga wata saba daban. Gab da ƙaramar Sallah ya ƙara kuɗi, na ɗora sabon hoto da sunan tsohon, na duba a wayata lafiya lau. Bayan kwana biyu sai ga kira, wai wata Hajiya ta taso tun daga Rayfield da tsohon farashi a wayarta ana ta ja-in-ja. Na je shagon, a gaban yaransa bawan Allahn nan ya ce na ci kuɗinsa ban yi aiki ba, na buɗe hoton shi kaɗai na nuna masa sabo ne, ya buɗe shafin a tasa wayar ga tsohon nan, ko saurarona bai yi ba. Cikon kuɗina har yau shiru, kuma ba kuɗin ne ya fi ƙona min rai ba, macucin da ya kira ni ne. Na bar shi da Allah.

Daga baya na gano tun Chrome 86 a 2020 aka raba ma'ajiyar burauza (inda take adana kwafin abin da ka taɓa buɗewa), hoton da ka buɗe kai tsaye da wanda aka loda ta iframe na wani shafin kowanne da tasa ajiyar. Shi ya sa in ka buɗe hoton shi kaɗai kake ganin sabo, a cikin iframe kuma tsohon da burauza ta ajiye ke fitowa.

Kar ka ɓata lokacinka a kan meta tag ɗin nan na hana ajiya da ake sawa a saman shafi, baya taɓa hoto sam. Sa ?v=2 a src (wato adireshin) na iframe ma shafin kawai yake sabuntawa, hotunan ciki suna nan yadda suke, a jikin adireshin hoton za ka sa shi, kujera.jpg?v=2, in ka sake canzawa ka mai da shi 3. Ni yanzu ma sunan fayil ɗin nake canzawa gaba ɗaya. Kuma don Allah ka dinga karɓar kuɗinka kafin ka miƙa aiki, ko da ɗan unguwarku ne.

In sabar hotunan a hannunka take sa musu umarnin Cache-Control: no-cache, burauza za ta dinga tambayar saba kafin ta nuna, in bai canza ba a ba ta 304, wato amsar cewa yana nan yadda yake, ba sai ta sake saukewa ba. Kar ka sa no-store, kullum sai an sauke hoton daga farko, da tsadar datar nan tausaya wa mutane. In ba ka sa komai ba burauza da kanta take kintatar kwanakin da za ta riƙe shi, abin da ya same ni kenan.

Danna Ctrl+Shift+R don tilasta wa burauza ta sake lodawa kwamfutarka kawai yake gyarawa, ba za ka bi kwastoma gida-gida ba. Kana amfani da Cloudflare, kamfanin nan da ke ajiye kwafin shafi tsakanin saba da masu ziyara? In eh sai ka goge tasu ajiyar ita ma. Faɗa min manhajar sabar, Apache ce ko Nginx, in rubuto maka layin umarnin.