Amsar tambayarka game da sarauta da ra'ayin jama'a

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya daidai, na ga tambayarka cewa ko kakanninmu sun san wani abu mai kama da dimokuraɗiyya kafin zuwan Turawa, ko kuwa abin da sarki ya faɗa shi ke nan.

Babu akwatin ƙuri'a a wancan zamani, kuma talaka bai taɓa tsayawa takarar sarauta ba, domin gadon gida ce. Amma ɗan sarki ba ya hawa don kawai shi ne babba. Akwai masu zaɓen sarki, waɗanda suke zama su auna 'ya'yan gidan ɗaya bayan ɗaya, su duba hankali da haƙuri da yadda mutum yake zaune da jama'a. A Gobir ana kiran majalisarsu Tara ta Gobir, kuma sarkin da ya raina irin waɗannan manya ya san kujerarsa tana rawa.

Malamai su ne takunkumi na biyu, kuma a ganina su ne mafi ƙarfi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekara biyar yana wa'azi a nan ƙasar Zamfara. Wajen 1788, da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Idi yana rabon kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiyar, ya ce a maimakonta a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa, duk da kwarjininsa, ya amince a gaban taro. Shehun kansa bai naɗa kansa ba, jama'arsa ce ta yi masa mubaya'a a Gudu a 1804. Ƙanensa Abdullahin Gwandu kuwa ya rubuta Liya'ul Hukkami, inda ya shimfiɗa wa shugaba sharuɗɗan adalci da shawara, kuma shi da kansa ya taɓa barin rundunar jihadi ya nufi gabas saboda ganin wasu sun fara karkata ga neman duniya.

Talaka ma yana da tasa hanyar. Idan hakimi ya matsa wa gari da zalunci, mutane kan ɗaure kayansu su ƙaura zuwa ƙasar wani, a wayi gari mai sarauta ba shi da mai biyan haraji, ba shi da mai fita yaƙi. Shi ya sa Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Manoma na da Sarkin Noma, mahauta na da Sarkin Fawa, masunta a Argungu na da Sarkin Ruwa, kuma ta bakinsu ake kai kukan masu sana'a fada. Sai dai kada ka ƙawata abin fiye da kima a rubutunka, domin bawa ba shi da baki a wannan tsari, mata kuma in ban da 'yan kaɗan masu sarauta irin Inna ta Gobir ba a jin muryarsu a majalisa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne cin Sakkwato a 1903. Daga nan Bature ne yake naɗawa yake tuɓewa, sai sarki ya koma kallon Razdan, wato Baturen da ke mulkin lardi, maimakon kallon majalisarsa, tsarin En'e kuma, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, ya ba shi 'yan doka da kotu da gidan yari waɗanda talaka ba shi da yadda zai yi da su. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da harkar mulki, amma bai mayar wa masu zaɓen sarki ƙarfinsu ba. A yau sunaye kawai suke miƙawa, gwamna ya ɗauki wanda ya ga dama ya ba shi sanda.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka.

Kawunka, daga Anka