Wai da gaske babu kayan kiɗa a kundin farko na Take 6?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne babu ganga ko jita a kundin farko na Take 6, ƙungiyar mawaƙan bishara ta Amurka. Gaskiya ne. Muryoyin maza shida ne kawai, sai ɗan kyasta yatsu nan da can. Abin da kunnenka ke ɗauka jitar bes ce, maƙogwaron Alvin Chea ne, ɗaya daga cikin su shidan. Sa abin ji a kunne ka saurari waƙarsu "Spread Love", za ka ji yadda yake saukar da murya ƙasa can.

Claude McKnight ne ya fara haɗa ƙungiyar a 1980 a Kwalejin Oakwood da ke Huntsville, jihar Alabama a Amurka, makarantar 'yan cocin Adventist. Kundin ya fito a 1988, kuma a 1989 suka ci Grammy biyu, wato babbar lambar yabo ta waƙa a Amurka: ɗaya a rukunin waƙoƙin bishara, ɗaya a rukunin jaz saboda "Spread Love". Wannan ta biyun ce ta fi burge ni, domin masu jaz ba sa yabon jituwar murya haka kawai.

Ni dai da waƙar "A Quiet Place" da ke cikin kundin zan ce ka fara, da dare, bayan gida ya yi tsit.