Motar lantarki za ta iya kai ni Yamai daga Maraɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi, harkokina sukan kai ni Yamai da Damagaram. An yi mini tayin motar lantarki ƙirar ƙasar Sin, mai sayarwa ya ce caji ɗaya yana kai ta kilomita 400, kuma cikin rabin awa take cika. Zan iya dogara da ita a tafiya mai nisa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Maganar rabin awa gaskiya ce, sai dai mai sayarwa bai faɗa maka sharaɗinta ba. Ba a samun wannan saurin sai a tashar caji ta musamman, wadda ke zuba wuta kai tsaye cikin batir da ƙarfin kilowat 50 zuwa 350, kuma ko a can ana nufin daga kashi 10 zuwa kashi 80 cikin ɗari ne, domin daga nan motar da kanta take rage jan wuta don kada batirin ya lalace. Idan kuwa a soket ɗin gida ka jona ta, wanda bai wuce kilowat 2 zuwa 3 ba, batir matsakaici zai kwana ya yini kafin ya cika. Akwatin cajin da ake kafawa a bango, mai kilowat 7, yana gamawa cikin dare ɗaya, muddin ba a ɗauke wuta ba.

Yanzu mu auna hanyar. Daga Maraɗi zuwa Yamai kimanin kilomita 660 ne, ta Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Kilomita 400 ɗin da aka ambata maka a gwajin masana'anta aka samo su, kuma ma'aunin Sin ya fi na Turai kumbura lissafi. Da zarar ka hau babban titi da gudu, ga kaya a baya, ga na'urar sanyaya mota tana aiki cikin zafin watan Afrilu, ka sa ran 300 ko ƙasa da haka. Ke nan sai ka yi caji sau biyu a hanya, alhali babu jerin tashoshin caji mai sauri a wannan titi. Damagaram, mai nisan kimanin kilomita 240, motar za ta kai ka, amma ka tanadi inda za ta kwana a jone kafin ka juyo.

Abin da ke kawo jinkirin kafa irin waɗannan tashoshi shi ne wutar kanta. Na'ura ɗaya mai kilowat 150 tana jan abin da dutsen guga wajen 150 za su ja a lokaci guda, saboda haka tana buƙatar taransifomarta da layi mai ƙarfi. Mu kuwa yawancin wutar da kamfanin lantarki na ƙasa, NIGELEC, ke raba mana a nan daga Najeriya take shigowa ta layin Katsina, kuma kowa ya ga halin da aka shiga lokacin da aka yanke ta a watan Agustan 2023. Ko a Turai ma sai da doka ta shiga: a 2023 Tarayyar Turai ta wajabta kafa tashar caji mai sauri a kowane kilomita 60 na manyan hanyoyinta.

Kafin ka biya, buɗe murfin wurin cajin ka duba bakinsa da idonka, domin ba iri ɗaya ba ne. Motocin da aka yi wa kasuwar Sin suna da baki mai suna GB/T, na Turai CCS2, tsofaffin motocin Nissan Leaf kuma CHAdeMO, kuma ɗaya ba ya shiga ɗaya sai da mahaɗi mai tsada. Ka tambaya kuma ko da ruwa ake sanyaya batirin, saboda a zafinmu wanda iska kawai ke sanyayawa yana saurin tsufa.

A ganina, motar ta dace da zirga-zirgar cikin gari da zuwa Tibiri, Madarumfa ko Tasawa, musamman ga mai faifan sola a gida. Tafiyar Yamai kuwa, ka riƙe motarka ta fetur tukuna.