Furen kuɓewar da ya taya ni takaba

Ƙanwata, kin tambaya ko akwai wanda ya taɓa samun natsuwa a ɗaukar hoton shuke-shuke, tunda a gida ana miki dariya wai rashin aikin yi ne. Ni na samu, kuma ba da niyya na fara ba.

Maigidana ya rasu da damina, Allah Ya jiƙansa, ya bar ɗan lambu a bayan gida: kuɓewa, yakuwa, kabewa da zogale biyu. Wata huɗu da kwana goma ina takaba, iyakata tsakar gida. Wata safiya bayan azkar na ga kuɓewar da ya shuka da hannunsa ta yi fure, rawaya mai haske, cikinsa ja wur kamar an ɗiga zoɓo. Na ɗauka da waya don in tura wa 'yarmu. Da la'asar na koma, ya yamutse. Da ya faɗi sai ga ɗan mitsitsin ɗa a gurbinsa, kafin mako ya zagayo har ya isa tsinka. Shekara nawa ina kaɗa miyar kuɓewa, ban san furenta yini guda yake yi ba!

Daga nan kullum sai na ɗauki gindi ɗayan nan. Hoton kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Abin da ya yi min shi ne ya tilasta min tsugunawa in duba. Na sha karanta aya ta 99 a Suratul An'am, inda Allah Ya ce mu dubi 'ya'yan itace idan suka fito da yadda suke nuna, amma sai a lokacin na gane umarni ne. Aya ta 59 kuwa, mai cewa ko ganye ba ya faɗuwa face Ya san da shi, ranar da na ɗauki busasshen ganyen zogale a ƙasa ta sa ni kukan da na kasa yi ranar jana'iza.

In kina shakkar halasci, Ibn Abbas da kansa ya ce wa mai sana'ar zane ya riƙa yin bishiyoyi da abin da ba shi da rai.

Ki fita da sassafe, kafin rana ta yi zafi, don furen kabewa ma rufewa yake da hantsi ya dubi ludayi, kuma da sassafen ne kudan zuma ke shigarsa. Ki goge gilashin kyamarar da gefen mayafi, mu mata wayarmu ba ta rabuwa da maiƙo. Kada ki jawo hoto da yatsa, ki matsa da ƙafarki. Kuma ba kowanne ake sakawa a Facebook ba. Nawa na takaba har yau 'yata kaɗai ta gani. Bana ma irin waccan kuɓewar na sake shukawa, jiya ta fara fure.