Maganaɗisu ya kama Gicciyen Ƙarfe na 1870, ko in cika kuɗin?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Shekara huɗu ke nan ina tara lambobin girma na zamanin Sarakunan Jamus, kuma ina da Gicciyen Ƙarfe (lambar jaruntar sojan Jamus) na 1914 mai daraja ta biyu guda uku. Yanzu wani dillali ya kawo mini na 1870 mai daraja ta ɗaya, ya ce wani hafsan Jamus ne ya bar shi a garinmu. Ya ɗora maganaɗisu a gabana, ya kama. Na ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, amma tun ranar hankalina bai kwanta ba. In cika, ko in janye? Daga wani mai karatu a Garwa, Kamaru.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ƙara ko sisi tukuna. Rashin kwanciyar hankalin nan naka yana da dalili. Na 1914 mai daraja ta biyu da ke hannunka, an raba sama da miliyan 5, shi ya sa samun na gaskiya ba wuya. Na 1870 mai daraja ta ɗaya kuwa, kimanin 1,300 kacal aka bayar a yaƙin da Jamusawa suka yi da Faransa. Abu mai ƙaranci haka da tsada, nan ne masu jabu suke tarewa.

Bari in tsaya a kan maganaɗisun nan, domin ya ishe ni. Kusan kullum sai wani ya aiko mini da bidiyo, ga gicciye na lilo a jikin maganaɗisu, a ƙasa an rubuta "an tabbatar". An tabbatar da me? Abu ɗaya maganaɗisu ya sani: akwai ƙarfe a ciki. Ƙusar da ke ƙofar ɗakinka ma za ta kama. Bai san shekara ba, bai san maƙeri ba, bai san ko jiya aka zuba ƙarfen ba. A da, masu jabu zubi ɗaya suke yi da dalma ko tagulla su shafa baƙin fenti, a lokacin gwajin yana tona su. Sun daɗe da gane haka. Yau suna sa ƙarfe na gaske a tsakiya, su kewaye shi da firam kamar yadda na ainihi ke da firam na azurfa, su bar shi a wuri mai laima har ya yi tsatsa. Mafi muni, wasu suna ɗaukar gicciyen 1914 na ainihi su sauya masa shekara, tunda tsarin fuskar iri ɗaya ne: kambi a sama, harafin W a tsakiya, shekara a ƙasa. Irin wannan, ƙarfensa tsoho ne, azurfarsa tsohuwa ce, maganaɗisu zai kama shi tam, amma shekarar ƙarya ce. Kuma gwajin yana cutarwa ta ɗaya gefen: akwai gicciyen 1914 na zamanin, waɗanda sojoji suka saya da kuɗinsu, da cikinsu ba ƙarfe ba ne. Na ga mutane sun sayar da irinsu a wulaƙance don kawai ba su kama ba. Dillalin da ya fara zaro maganaɗisu kafin ya nuna maka bayan gicciyen, so yake ka daina dubawa da idonka.

Juya shi ka duba bayan da gilashin ƙara girma. Na 1870 ɗin da hukuma ta raba a lokacin, shagunan Wagner da Godet na Berlin ne suka ƙera su. A kan na Wagner akan ga sunansu tare da "14 Löth", tsohon ma'aunin azurfa, wato kashi 875 cikin 1,000. Idan "800" ka gani, to ka sani sai daga 1888 wannan salon hatimi ya zama doka a Jamus. Yana iya zama wanda wani tsohon soja ya sa aka ƙera masa daga baya don sakawa, yana da tasa darajar, amma ba farashinsu ɗaya ba. Hatimin ma ana buga na jabu, don haka ka dubi gefe: firam ɗin gida biyu ne aka like, ya kamata ka ga siririn layin haɗin. Ka dubi lambobin 1870, ko ƙarfen da ke kewaye da su ya fi sauran santsi ko ya ɗan lotsa, alamar an kankare wani abu. Ka dubi inda allurar maƙala shi a riga take da ƙugiyarta, ko likin sabo ne.

Labarin hafsan kuwa, yi lissafi da kanka. Garwa ta kuɓuce wa Jamusawa, waɗanda ke mulkin Kamaru a lokacin, a watan Yuni na 1915. Wanda ya ci wannan lamba a 1870, ko yana ɗan shekara 20 a lokacin, a 1915 ya kai 65. Wane hafsa ne? Ina takardar shaidar da ake bayarwa tare da lambar? Dillalai sun san zuciyarmu na son abin da ya shafi garinmu, da nan suke kama mu.

Idan ya tabbata jabu ne, ka ji tsoron Allah kada ka tura wa wani don ka fanshe asararka. Yawancin jabun da ke yawo, ta hannun masu tarawa irinmu suke wucewa, kowa na cewa "haka ni ma na saye shi". Algus ne, kuma haƙƙin mutum ba ya faɗuwa don kai ma an cuce ka.

Ka ɗauki hoton gaba da baya da gefe a hasken rana, ka auna faɗinsa da nauyinsa, ka aika wa wani gidan gwanjon lambobin girma a Jamus da ke da gwanin wannan fanni. Kada ka goge shi da komai kafin nan. Ka kuma ce wa dillalin ya rubuta maka cewa idan gwani ya ƙi shi, zai mayar maka da kuɗinka duka. In ya ƙi sa hannu, karɓi rabin da ka bayar tun yanzu, a gaban shaidu.